Tsaron jama'a a birnin Yamai: rabon aiki tsakanin gwamnati da hukumar birni

Tsaron jama'a a birnin Yamai aiki ne da ya rabu tsakanin ƴan sandan ƙasa, jandarmomi, gardi, ƴan kwana-kwana, ma'aikatar magajin gari da masu unguwanni. Dokar ƙananan hukumomi ta Nijar ta ɗora wa magajin gari nauyin kiyaye tsari, kwanciyar hankali, tsabta da lafiyar mutane da dukiyarsu a cikin garinsa. Sai dai rundunonin da ke riƙe da makami, da waɗanda ke da motocin kashe gobara, duk a hannun gwamnatin ƙasa suke. Saboda haka hukumar birni takan ɗauki alhakin abin da ba ita ke da ƙarfin aiwatar da shi ba, kuma ikonta na zahiri ya fi yawa a ɓangaren rigakafi: fasalin unguwanni, hanyoyin cikin kasuwa, magudanan ruwa da gine-ginen makarantu.

Tsarin mulkin birnin

Yamai ta zama babban birni a 1926, bayan da Turawan Faransa suka ɗauko mazaunin mulki daga Damagaram. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan ɗaya a cikinta, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. A tsarin mulki, Yamai jiha ce mai gwamna wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, sannan kuma birni ne mai matsayi na musamman. Dokokin 17 ga Satumba 2010 ne suka kafa wannan tsari: ɗaya ita ce babbar dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54, ɗayar kuma ta bai wa Yamai, Maraɗi, Tahoua da Damagaram matsayin birane. An raba Yamai gida biyar, kowace da'ira da magajinta har zuwa Afrilu 2024, da'ira ta biyar tana tsallaken kogin Kwara, wato Harobanda. Kafin wannan lokacin, a samansu akwai majalisar mashawartan birni da shugabanta, wanda shi jama'a ke kira magajin garin Yamai.

Duk hukuncin da magajin gari ya yanke sai ya bi ta ofishin gwamna don a duba ko ya dace da doka, kuma majalisar ministoci na da ikon tsige shi. An yi amfani da wannan iko ba sau ɗaya ba. A 2013 an tsige Oumarou Moumouni Dogari, a 2017 aka tsige wanda ya gaje shi, Assane Seydou, aka damƙa birnin ga kwamitin riƙo ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Dogari ya dawo kujerar a 2021 bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 2020. Magajin garin da ya san cewa zama ɗaya na majalisar ministoci ya isa ya raba shi da kujerarsa, da wuya ya tsaya yana tuhumar shugaban ƴan sanda, balle idan shi ɗan adawa ne, kamar yadda ya sha faruwa a Yamai.

Wa ke ba da umarni

Ƴan sandan ƙasa suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, su ne kuma ke riƙe da tsaron cikin gari ta hanyar komisariyoyi, wato ofisoshin ƴan sanda, na da'irori da na unguwanni, da ƴan sandan kan hanya, da sashen binciken manyan laifuka da aka fi sani da PJ, da rundunar kwantar da tarzoma ta CNS. Lambar kiransu ita ce 17. Gardi, waɗanda rundunarsu ta karɓi sunanta na yanzu a 2010, su ma na ma'aikatar cikin gida ne, aikinsu ya haɗa da gadin gine-ginen gwamnati da gidajen kaso. Jandarmomi sojoji ne na ma'aikatar tsaro, sun fi aiki a karkara da manyan hanyoyi, ko da yake ana ganinsu a gefen gari da mashigansa.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da majalisar birni ke ɗauka aiki, ko biyan albashinsa, ko yi masa canjin wurin aiki. Idan magajin gari na son a kwashe rumfunan da suka tare hanya ko a tsare wani taro, roƙo yake aikawa ta hannun gwamna. Gwamnan ne kuma ke shugabantar majalisar tsaro ta jiha, inda shugabannin rundunoni ke zama. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Tsaro ba ya ciki.

Sa ido a kan ƴan sanda ta wasu kafofi yake bi. Mai gabatar da ƙara na gwamnati shi ke kula da duk wani bincike da tsare mutum, kuma a laifi na yau da kullum wa'adin tsarewa a komisariya awa 48 ne, wanda ana iya sabuntawa da izininsa. Ma'aikatar cikin gida na da nata sufetocin. Kafin juyin mulkin 2023 akwai kuma kwamitin tsaro na majalisar dokoki da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH. Kafin a rusa majalisun a 2024, mashawarci na iya kai kukan unguwarsa gaban zaman majalisar birni, a rubuta, a aika sama. Iyakar abin da doka ta ba shi ke nan.

Dokar hana fita da aka sa wa Yamai a ƙarshen Maris 2020, lokacin annobar korona, misali ne ƙarara. Gwamnati ce ta yanke, ƴan sanda da gardi suka aiwatar, matasan wasu unguwanni suka ƙona tayoyi a kan hana sallar jam'i, hukumar birni kuwa abin da ya rage mata shi ne share titi da lallashin jama'a.

Ƴan sandan birni

Birnin na da nasa ƴan sandan, waɗanda ke ƙarƙashin magajin gari kai tsaye. Aikinsu na yau da kullum shi ne korar masu kasa kaya a kan titi, kama dabbobin da aka saki suna yawo, kai motoci da amalanke wurin tsarewa na birni, rakiyar masu karɓar haraji, da bin maganar tsabta. Babban laifi kamar fashi ko kisa komisariya ake miƙa wa. Da yake yawancin haɗuwarsu da talaka a kan tara ce ko kwashe kaya, farin jininsu a wurin ƴan tebur kaɗan ne, alhali kuwa tazarar da suke ƙoƙarin buɗewa a bakin kasuwa ita ce wadda motar kwana-kwana za ta bi ranar da wuta ta tashi.

Gobara

Ƴan kwana-kwanan Nijar, waɗanda a bakin mutanen gari aka fi ji ana ce musu pompiye, sojoji ne. Rundunarsu ta ƙasa tana cikin rundunar mayaƙan Nijar, tana kuma aiki tare da hukumar kare fararen hula da ke ma'aikatar cikin gida. Lambarsu 18. Ban da kashe wuta, su ke kwasar waɗanda suka yi haɗari a kan titi, su ciro wanda ya faɗa rijiya, su nemo gawar wanda kogi ya ci.

Tarihin kasuwannin Yamai cike yake da gobara. Babbar Kasuwa ta ƙone ƙurmus a 1982, zamanin Seyni Kountché, sai a 1987 aka buɗe sabon ginin da ake ciki yanzu. Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012, shekarar da ginin ma'aikatar shari'a ma ya kama da wuta a farkon Janairu. A ranar 15 ga Maris 2020 wuta ta tashi a kasuwar Tagabati ana tsakiyar zanga-zanga, aka rasa rayuka. Katako kuwa, inda ake sayar da katakai, kwano, taya, fenti da hatsi a wuri guda, ta sha wuta sau da yawa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan gobara ya san yadda take tafiya. Yawanci da dare take tashi, bayan an rufe shaguna. Mai gadi ya hango hayaƙi, a kira 18, a kira masu shaguna. Kafin motar ta iso, mutane sun cika hanya, wasu na fasa ƙofofi su fid da kaya, wasu na kallo, wasu ma da tasu niyyar suka zo. Motar ta tsaya a bakin kasuwa domin layin da aka zana mata tun farko ya cika da tebura da rumfunan kwano, sai a ja tiyo mai nisa. Ruwan tanki ya ƙare cikin ɗan lokaci, idan babu famfon gobara a kusa, ko akwai amma ruwansa ba ƙarfi, dole motar ta juya ta ɗebo. A wannan tsakanin ƴan ga-ruwa da masu bokiti ne ke fama, iskar hunturu kuma na kaɗa wutar zuwa layi na gaba. Washegari hukumomi su zo jaje, a yi alkawarin bincike.

Idan aka bi abubuwan da ke cikin wannan hoto ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu na hukumar birni ne. Ita ke ba da wurin kasa kaya, ita ke karɓar kuɗin rumfa kullum, ita ya kamata ta hana toshe layuka, da jan wayar lantarki barkatai daga shago zuwa shago, da ajiye fetur na kwalba kusa da masu tuya. A nan ne ake samun saɓanin buƙata: kowane tebur da aka ƙara a kan hanya ƙarin haraji ne ga asusun da kullum yake cikin ƙishirwa, kuma mai teburin yana da ƙuri'a.

Gobara biyu sun fi girgiza garin a ƴan shekarun nan. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru suna ɗibar fetur, ta fashe, fiye da mutum 50 suka mutu nan take, wasu suka cika a asibiti. Ranar 13 ga Afrilu 2021 kuma wuta ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ajin share fage. Unguwa ce da ta tashi ba tare da an yanka filaye bisa tsari ba, hanyoyinta ƙanana. Bayan da irin wannan ta sake faruwa a Maraɗi a Nuwamban shekarar, gwamnati ta hana sanya ƙananan yara na share fage a ajin zana. Ginin azuzuwan firamare yana cikin ayyukan da aka miƙa wa ƙananan hukumomi, amma kuɗin da ke biyo aikin bai taɓa kamo yawan yaran da ake kaiwa makaranta kowace shekara ba.

Kogi

Ambaliya ita ce ɗaya masifar da ake jira kusan kowace damina. Idan ruwan Kwara ya kai mita 6.20 a ma'aunin Yamai, an shiga matakin ja. A Satumba 2020 ya kai wajen mita 7, ya ɓalle madatsa, ya mamaye Lamorde, Karaje, Kirkisoye da Saga, aka kwashe dubban mutane zuwa makarantu sannan zuwa sansani. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar. Ceto na ƴan kwana-kwana ne, agaji na gwamnati, amma yasar kwalbatoci kafin ruwa ya sauka, da hana gini a cikin kwari da bakin kogi, na birni ne. An sha raba wa mutanen kwari filaye a tudu, da dama su koma inda suka baro saboda can ne kusa da gonar shinkafa da kasuwa.

Mai unguwa, fada da ƴan banga

Ƙasa da duk waɗannan hukumomi akwai tsaron da unguwa ke yi wa kanta. Masu unguwanni suna cikin sarautar gargajiya, wadda dokar 2015 ta tsara matsayinta, kuma doka ta ba su ikon sasanta rigingimu na al'ada da na zamantakewa. Kafin 2024, sarakuna na da kujera a majalisun mashawarta, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Rikicin maƙwabta a kan ruwan wanka da ke malala a lungu, ko akuyar da ta ci kayan wani, ko yaron da aka kama da wayar sata, sau da yawa a ƙofar gidan mai unguwa yake ƙarewa. Idan ya gagara ne ake jin an ce “mu je komisariya”, a fito da takardar sammaci.

Da dare kuma, masu gadin shaguna da gidaje, da samarin fada da ke zaune kan benci suna dafa shayi har tsakar dare, su ne idon layi. Sun san baƙon babur, sun san wanda ba ɗan unguwa ba. A wasu wurare mazauna kan yi karo-karo su ɗauki ƴan banga masu sintiri da fitila da sanda. Amfaninsu a bayyane yake, haɗarinsu ma haka: ɓarawon da aka kama yakan sha duka kafin a kai shi hannun hukuma, wani lokacin wanda aka daka ma ba shi ne ya yi satar ba. Shirye-shiryen kusanta ƴan sanda da jama'a, waɗanda aka gudanar da tallafin ƙasashen waje, sun yi ƙoƙarin haɗa waɗannan rukunoni da komisariya da ma'aikatar magajin gari a zama ɗaya. Tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel, da ke horar da jami'an tsaron cikin gida tun 2012, na cikin masu wannan aiki har zuwa Disamba 2023, lokacin da hukumomin Nijar suka soke yarjejeniyarta.

Bayan Yuli 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya kawo majalisar soja ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. A makonnin farko, matasa sun riƙa kwana a shataletalen birnin suna tare motoci suna dubawa da sunan sa ido. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun mashawarta na duk ƙasar, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magaddan gari, da yawansu sojoji, ƴan sanda, jandarmomi ko gardi. Yamai aka ba Kanar Boubacar Soumana Garanké. Wannan ya sauƙaƙa haɗin aiki, tunda mai kaki ne ke magana da mai kaki, amma ya kawar da zaman majalisa inda mashawarci zai tashi ya tambayi yadda aka kashe kuɗin kasuwa. Birnin Tahoua mai da'ira biyu ma haka aka yi masa, ko da yake can nauyin tsaro ya fi karkata ga arewacin jihar, inda aka sa wa gundumomin Tillia da Tassara dokar ta-ɓaci a 2017.