Glenda Jackson

Glenda May Jackson (9 ga Mayu 1936 – 15 ga Yuni 2023) 'yar wasan kwaikwayo ce kuma 'yar siyasa daga Birtaniya. Ta yi suna a wasan dandamali da fina-finai da talabijin, ta lashe lambar yabo ta Oscar sau biyu, sannan ta ajiye sana'ar baki ɗaya ta shiga majalisar dokokin ƙasarta, inda ta yi shekara 23 tana wakiltar wani yanki na arewacin birnin Landan a ƙarƙashin jam'iyyar Labour.

An haife ta a garin Birkenhead da ke arewa maso yammacin Ingila, ta kuma tashi a Hoylake, ita ce babba a cikin 'yan mata huɗu. Gidansu gidan talakawa ne: mahaifinta magini ne, mahaifiyarta kuwa tana aikin shara da goge-goge da tsaron kanti. Da ta bar makaranta ta kama aiki a kantin sayar da magani na Boots, tana shiga wasan kwaikwayo na sa-kai a lokutan hutu, har ta sami tallafin karatu a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan a 1954. Shekarun da suka biyo bayan kammala karatunta ba su zo mata da sauƙi ba, domin ta sha zaman jiran aiki, tana yin ƙananan ayyuka don ta ci abinci.

Ƙofa ta buɗe mata ne a kamfanin Royal Shakespeare Company, inda darekta Peter Brook ya ba ta matsayin Charlotte Corday a wasan Marat/Sade a 1964. Wasan ya tayar da ƙura a Landan, aka kai shi New York, aka kuma mayar da shi fim a 1967. Tun daga nan aka gane inda ƙarfinta yake. Masana'antar fim ta wancan zamani ta fi son mace mai kyan fuska da sanyin hali, ita kuwa Jackson da murya mai kaifi da kallo mai ratsa mutum ta zo, kuma matan da take fitowa a matsayinsu masu kai ne, ba sa neman kowa ya tausaya musu.

Fim ɗin Women in Love na darekta Ken Russell, wanda ya fito a 1969, shi ya kawo mata Oscar ta farko. Ta biyun ta zo ne daga fim ɗin barkwanci A Touch of Class na 1973, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, don an saba ganinta a wasanni masu nauyi. Asalin wannan sauyi shi ne fitowar da ta yi a matsayin Cleopatra a shirin ban dariya na Morecambe da Wise a BBC a 1971, inda aka ga ashe ta iya raha. Ba ta halarci ko ɗaya daga cikin bukukuwan da aka ba ta lambobin biyu ba, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa shagalin taurari bai dame ta ba.

A idon masu kallon talabijin na Birtaniya, babban aikinta shi ne Elizabeth R, shiri mai kashi shida da BBC ta nuna a 1971 kan rayuwar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Ta fito a matsayin sarauniyar tun daga ƙuruciya har zuwa tsufa, ta kuma aske gashin gaban kanta domin goshinta ya yi kama da wanda ake gani a zanen sarauniyar. Shirin ya ba ta lambobin Emmy biyu, wato lambar yabon talabijin ta Amurka. A 1978 aka karrama ta da lambar girmamawa ta CBE.

Ta daɗe tana goyon bayan jam'iyyar Labour, kuma adawarta da manufofin gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ta jam'iyyar Conservative na daga cikin abin da ya tura ta takara. A zaɓen 1992 ta ci kujerar mazaɓar Hampstead da Highgate. Masu ganin za ta yi amfani da sunanta ta ja hankali a majalisa sun yi kuskure, domin ta daina wasa kwata-kwata, ta duƙufa kan batun sufuri da gidaje da koke-koken mutanen mazaɓarta. Bayan nasarar Tony Blair na Labour a zaɓen 1997 aka naɗa ta ƙaramar minista a ma'aikatar sufuri, ta sauka a 1999 don neman tikitin jam'iyyarta na takarar magajin garin Landan, amma ba ta samu ba. Daga baya ta zama cikin masu sukar Blair a fili, musamman kan yaƙin Iraƙi. A zaɓen 2010 da ƙyar ta sha, da ratar ƙuri'a 42 kacal, a sabuwar mazaɓar Hampstead da Kilburn. A watan Afrilun 2013, lokacin da majalisa ta zauna don jinjina wa Thatcher bayan rasuwarta, Jackson ta miƙe ta yi jawabin da ya caccaki tasirin mulkin marigayiyar a kan makarantu da marasa galihu, 'yan jam'iyyar Conservative suna ta yi mata ihu, ita kuwa ba ta sassauta ba.

Ta bar majalisa a 2015. Shekara guda bayan haka, tana da shekara 80, ta koma dandamali a gidan wasa na Old Vic a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, matsayin da aka rubuta domin namiji, wanda kuma ke gajiyar da ko da ƙarfafan 'yan wasa saboda tsawonsa. A 2018 ta lashe lambar Tony ta wasan dandamali a New York da wasan Three Tall Women, ta shiga sahun 'yan ƙalilan da suka haɗa Oscar da Emmy da Tony. A 2020 ta sami lambar BAFTA saboda fitowarta a matsayin tsohuwa mai fama da cutar mantuwa a Elizabeth Is Missing.

Ta auri Roy Hodges a 1958, auren ya mutu a 1976, suna da ɗa guda, Dan Hodges, wanda ɗan jarida ne mai sharhi kan siyasa. Ta rasu a gidanta da ke unguwar Blackheath a Landan tana da shekara 87, bayan gajeriyar rashin lafiya. Fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, wanda ta fito a ciki tare da Michael Caine, an fitar da shi ne 'yan watanni bayan rasuwarta.