Mece Ce Shuga Gilaida, Kuma Me Kiwonta Yake Bukata?

Shuga gilaida wata ƙaramar dabba ce mai yawon dare wadda asalinta dazuzzukan Ostireliya ne da tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran Indonesiya, amma kiwonta a gida ya yaɗu a ƙasashe irin su Amurka da Japan. Masana kimiyya suna kiranta Petaurus breviceps, sunan da aka fi saninta da shi kuwa, wato sugar glider a Turance, ya samo asali ne daga halaye biyu, wato son abu mai zaƙi da kuma lulawa a iska daga wannan itace zuwa wancan. Wanda ya fara ganinta zai ɗauka wani ɗan kurege ne mai manyan idanu, alhali ba ta da wata dangantaka ta kusa da kurege ko ɓera. Danginta su ne kangaru da kowala, dabbobin da uwa take goyon ɗanta a cikin jakar fata da ke cikinta. Ana haihuwar ɗan bayan kwana 15 zuwa 17 kacal da ɗaukar ciki, nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, sai ya rarrafa ya shiga jakar ya kama nono, ya zauna a ciki kimanin kwana 70 kafin ya fito.

Ko ta girma, nauyinta bai cika wuce giram 160 ba, kuma wannan ƙanƙanta ita ce take yaudarar mai sabon kiwo, domin yana zaton ƙaramar dabba ƙaramar hidima take bukata. A gaskiya dabbar daji ce wadda zaman keji bai sauya mata hali ba, kuma idan ta samu kulawa tana iya rayuwa shekara 12 ko fiye da haka. Duk abin da ake bukata wajen kiwonta daga rayuwarta ta daji ake koyonsa.

A kowane gefen jikinta akwai fata mai laushi da ta taso daga hannu zuwa ƙafa, wadda take shimfiɗawa idan ta yi tsalle, har ta iya lula tazarar da ta kai mita 50 tana sarrafa tafiyar da gaɓoɓinta da jelarta. Ba tashi take yi kamar tsuntsu ko jemage ba, sauka take yi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka tsayin keji ya fi faɗinsa muhimmanci: ana so ya kai aƙalla santimita 90, tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa kada ta wuce santimita ɗaya da 'yan kai, a sa rassa da igiyoyin hawa, a kuma rataya jakar ƙyalle a can sama domin ta maye gurbin kogon itacen da take kwana a ciki da rana.

A daji zaman gayya suke yi, manya da ƙanana a kogo ɗaya, suna gane juna da ƙamshin da namiji yake shafa wa 'yan gidansa daga goshinsa da ƙirjinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ɗan sanƙo a goshin namijin da ya balaga, kuma ba cuta ba ce. Idan aka ajiye guda ɗaya ita kaɗai, kaɗaici yana iya sa ta daina cin abinci, ko ta riƙa tsige gashinta, ko ma ta ciji jikinta har ta ji rauni. A ganina, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin biyu ba bai kamata ya sayi ɗaya ba, domin duk yadda mutum ya so ta, barci yake yi a daidai lokacin da take farkawa tana neman abokin wasa. Idan namiji da mace aka haɗa kuma ba a son haihuwa, likitan dabbobi yana yi wa namijin fiɗiya, abin da yake rage masa ƙarfin wari ma. Sabo da mutum kuwa yana ɗaukar makonni ko watanni. Masu kiwo sukan ɗauke ta a cikin jakar ƙyalle a jikinsu da rana tana barci domin ta saba da ƙamshinsu, kuma idan ta yi wata ƙara mai kaushi, ko ta yi cizo a kwanakin farko, tsoro ne yake sa ta, ba mugunta ba.

Abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma shi ne ya fi kashe su. A daji tana huda ɓawon itacen turare da dogayen haƙoranta na ƙasa ta lashi ruwansa, tana cin ƙaron itatuwan dangin bagaruwa da dakwara, da ruwan fure da garinsa, sannan a lokacin zafi ta koma ga ƙwari da gizo-gizo domin samun abin gina jiki. Mai kiwon da ya ji sunanta ya riƙa cika mata kwano da 'ya'yan itace masu zaƙi kawai, ko ya ba ta alewa, yana jawo mata ƙiba da ruɓewar haƙori da kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a abinci, jiki yana zuƙo shi daga ƙashi, sai ƙashin ya yi laushi, dabbar ta fara rawar jiki tana jan ƙafafunta na baya, wani lokaci ta karye ba tare da ta faɗi ba. Shi ya sa ake so kalsiyam ya ninka sinadarin fosfaras sau biyu a jimillar abin da take ci. Akwai wani sanannen haɗi da ake kira Leadbeater, wanda gidajen namun daji na Ostireliya suka fara amfani da shi, ana yinsa da zuma da ruwan ɗumi da dafaffen ƙwai da garin abincin jarirai da bitamin, ana kuma ƙara mata ƙwarin da aka kiwata musamman, kamar gyare da tsutsa, tare da kayan lambu da 'ya'yan itace kaɗan. Kada a ba ta ƙwarin da aka kamo a gona ko a tsakar gida saboda maganin feshi, haka nan cakulan da kofi da albasa da tafarnuwa. Da magariba ake zuba abincin, a kwashe ragowar da safe.

Haƙoranta ba sa ci gaba da tsawo kamar na ɓera ko zomo, don haka kada a yarda kowa ya datse su.

Kafin a kai ga saye, wajibi ne a bincika doka. A Amurka an hana ajiye ta a jihohin Kalifoniya da Alaska da Hawayi, haka ma a cikin birnin Niyu Yok, kuma a Ostireliya kanta wasu jihohi kaɗan ne suka yarda, irin su Biktoriya da Ostireliya ta Kudu. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa waɗanda ake kiwo a Amurka asalinsu daga yankin Sorong ne na yammacin Papuwa a Indonesiya, wanda hakan yake tunatar da mai saye ya tabbatar cewa a hannun mai kiwo aka haifi tasa, ba daga daji aka kamo ta ba. Ya kuma kamata ya nemo likitan dabbobin da ya san irin waɗannan dabbobi tun kafin ya kawo ta gida, domin tana ɓoye ciwo har sai ya yi tsanani, kuma zawo ko ƙin cin abinci na kwana ɗaya ko biyu ya isa ya busar da ruwan jikinta.