Maƙalin haƙoran roba na ƙasa: mene ne shi, kuma wanne ya fi?

Duk wanda ya rasa haƙoransa na ƙasa gaba ɗaya ya san wahalar haƙoran roba. Na sama suna lafewa a ganɗa su zauna, amma na ƙasa babu inda za su kama. Harshe na tura su, ƙashin muƙamuƙi kuma yana ta zaizayewa shekara bayan shekara. Shi ya sa likitoci ke dasa ƙusoshin ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin, ƙashin ya kama su gam, hanyar da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara gwadawa a jikin mutum a 1965. A 2002 ƙwararru suka taru a Jami'ar McGill da ke Kanada, suka amince cewa ƙusa biyu da haƙoran roba a kansu shi ne ya kamata a fara ba wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa.

Maƙali shi ne ɗan abin da ke haɗa ƙusar da haƙoran. Rabinsa na kan ƙusar, rabinsa na cikin robar, yadda mutum zai danna su zauna, ya kuma cire su da dare ya wanke.

Mafi sauƙi shi ne mai ƙwallo: kan ƙusar a dunƙule yake, robar kuma tana da ɗan zobe da ke kama shi, kamar maɓallin riga mai dannawa. Yana da araha, amma yana son ƙusoshin su miƙe daidai da juna. In suka karkace, zoben ba ya daɗewa.

Wanda ya fi yaɗuwa yanzu shi ne Locator na kamfanin Zest na Amurka. Gajere ne, saboda haka yana shiga bakin da babu sarari sosai. A cikin robar akwai ɗan murfin nailan mai launi, kuma launin ne ke nuna ƙarfin riƙo: shuɗi sassauƙa, ruwan hoda matsakaici, fari garau mai ƙarfi. Akwai wasu launukan, irin su kore da ja, na ƙusoshin da suka karkace. Murfin yana cinyewa, dole a riƙa sauya shi, amma aiki ne na ɗan lokaci a kujerar likita. Matsalar Locator ita ce ɗan ramin da ke saman rabin da ke kan ƙusar. Abinci na cushewa a ciki, sai a ga haƙoran sun ƙi zama, tsoho ya yi ta cije su da ƙarfi har ya lalata murfin. Da yatsu ake danna su, ba da cizo ba.

Sai mai sanda, inda ake haɗa ƙusoshin da siririn ƙarfe, haƙoran su hau kansa da matsi. Riƙonsa na da kyau ƙwarai, yana kuma rufa asirin ƙusoshin da suka karkace. Sai dai yana da tsada, yana cin sarari, kuma in ba a goge ƙarƙashinsa kullum ba, dasashi ya kumbura ya taso. Mai maganaɗisu kuwa riƙonsa ya fi rauni, kuma yana lalacewa in yawu ya shige shi, amma ya dace da wanda hannunsa ke rawa ko ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunsa.

A ganina kuskure ne a tambayi wanne ya fi ƙarfi kawai. Dattijuwar da ba za ta iya cire haƙoranta da kanta ba, ƙarfin riƙon ya zame mata wahala. Kafin a zaɓa, a duba sararin bakin, da yadda ƙusoshin suka tsaya, da ƙarfin yatsun mai shi. A kuma tambayi likita kai tsaye ko yana ajiye kayan sauyi na irin maƙalin da zai sa, domin ba kowane asibiti ne ke da su ba.