Barkonon tsohuwa a fagen yaƙi da cikin sansanin fursunoni: abin da doka ta ce

Duk wanda ya taɓa ganin an tarwatsa zanga-zanga a Yamai ya san gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye, wanda jama'a ke kira barkonon tsohuwa, kuma ya san 'yan sanda da jandarmomi ne ke harba shi. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, gwangwanin nan da doka ta yarda a jefa wa farar hula a kan titi, ita ce kuma ta hana soja ya jefa wa abokin gabarsa a fagen fama.

Haramcin yana cikin yarjejeniyar hana makamai masu guba, wadda aka sa wa hannu a birnin Paris a watan Janairun 1993, ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997, kuma Nijar na cikin ƙasashe 193 da suka amince da ita. Ayarta ta farko ta ɗora wa kowace ƙasa alkawarin ba za ta mai da sinadaran kwantar da tarzoma hanyar yaƙi ba, aya ta biyu kuwa ta bar ƙofa a buɗe ga aikin tsaron doka a cikin gida.

Da jin haka mutum zai ce an kifa hukunci, amma dalilin yana da ƙarfi. Sojan da ya ga hayaƙi na tasowa daga ramin da yake ɓoye ba shi da lokacin tantance ko mai sa hawaye ne ko mai kisa, kuma kwamandansa zai iya ramawa da abin da ya fi shi muni. Haka aka yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya: an fara da gurnetin sa hawaye a 1914, kafin watan Afrilun 1915 ya ƙare Jamusawa sun saki iskar kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam. Dalili na biyu shi ne, a kan titi ana harba hayaƙin ne domin mutane su watse su koma gida, a fagen yaƙi kuwa ana harba shi ne domin a fito da mutum daga maɓoyarsa zuwa bakin bindiga. Maganar ba ta tsufa ba, domin a watan Nuwamban 2024 hukumar da ke kula da yarjejeniyar, mai mazauni a birnin Hague, ta tabbatar da samun sinadarin CS mai sa hawaye a gurneti da ƙasar da aka ɗebo daga wani ramin yaƙi a Ukraine.

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne sansanin fursunonin yaƙi. Yarjejeniyar Geneva ta uku, ta ranar 12 ga Agustan 1949, ta ɗauki sojan da aka kama a matsayin amana a hannun ƙasar da ta kama shi, ba a hannun mutumin da ya cafke shi ba. Aya ta 13 ta wajabta a mutunta shi a kowane lokaci, a kare shi daga duka da zagi da baje shi ga 'yan kallo, abin da ya kamata masu yaɗa hotunan kamammu a WhatsApp su sani. Aya ta 17 ta ce sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja kaɗai ya wajaba ya faɗa, kuma ba a tilasta masa ƙarin bayani ta kowace irin azaba. Don haka fesa wa ɗaurarre hayaƙi domin ya yi magana, ko domin a hora shi, azabtarwa ce tsantsa, ba ta buƙatar wata muhawara.

To, idan fursunonin ne suka tayar da bore fa? Aya ta 42 ta ce amfani da makami a kansu mataki ne na ƙarshe, kuma dole gargaɗi ya gabace shi. Amurka, wadda ta yi amfani da hayaƙin a sansanin tsibirin Koje lokacin yaƙin Koriya a 1952, ta rubuta a umarnin da shugaba Gerald Ford ya fitar a 1975 cewa sojojinta na iya amfani da shi wajen kwantar da boren fursunoni. A ganina wannan fassarar tana da hujja, tunda tsare sansani ya fi kama da aikin ɗan sanda, kuma hawaye ya fi harsashi sauƙi. Sai dai hujjar tana rushewa da zarar an jefa gwangwanin cikin ɗaki rufaffe, inda babu hanyar gudu kuma hayaƙin kan iya shaƙe mutum har lahira.

Akwai wani bambanci da ya shafe mu kai tsaye. Matsayin fursunan yaƙi na rikici ne tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda haka ɗan bindigar da aka kama a Tillaberi ko Diffa ko arewacin Tawa ba shi da shi, kuma ana iya gurfanar da shi gaban kotu don ɗaukar makami kawai. Amma aya ta 3, wadda yarjejeniyoyin Geneva huɗu suka yi tarayya a kanta, ta ba shi kariya: ba a kashe shi bayan ya ajiye makami, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi, ba a yanke masa hukunci sai ta kotun da aka kafa bisa ƙa'ida, kuma idan yana da rauni wajibi ne a yi masa magani.