Makarɓan Melatonin da Tasirin Lokaci a kan Ƙwayoyi Masu Zaburar da Ƙwaƙwalwa

Melatonin sinadari ne da wani ɗan ƙaramin ƙulli mai suna finiyal, wanda ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, yake fitarwa idan dare ya yi, kuma haske yana dakatar da fitarsa. Aaron Lerner na Jami'ar Yale a Amurka ne ya fara tace shi daga ƙwaƙwalwar shanu a 1958. Jiki yana amsar saƙonsa ta makarɓai biyu, wato furotin masu karɓar saƙon sinadari, da ke jikin ƙwayoyin halitta, MT1 da MT2, waɗanda ɗakin binciken Steven Reppert ya fayyace tsarin gadonsu a 1994 da 1995.

Ƙwayoyi irin su hodar iblis, amfetamin da metamfetamin suna aiki ne ta hanyar ƙara yawan dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi da jin daɗi. Tun a 1983 masaniyar ilimin magunguna Margarita Dubocovich ta nuna cewa melatonin yana rage fitar dofamin a tantanin bayan idon zomo, wannan ne ya sa masana suka fara tambaya ko ƙwaya ɗaya, a ma'auni ɗaya, za ta yi aiki iri ɗaya da rana da kuma dare.

Gwajin da aka fi dogaro da shi yana da sauƙin fahimta. Ana sa ɓera a akwati mai ɗaki biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, ko kuma masu daɓe daban, a riƙa yi masa allurar ƙwayar a ɗaki ɗaya, ta ruwan gishiri a ɗayan, har tsawon kwanaki. Daga bisani sai a buɗe ƙofar tsakiya ba tare da an yi masa allura ba, a lissafa daƙiƙun da ya shafe a kowane ɗaki. Idan ya lafe a inda ya saba samun ƙwayar, an san ta kama shi ke nan. A Jami'ar Buffalo, rukunin Dubocovich ya ruwaito a 2014 cewa metamfetamin ya haifar da wannan shaƙuwa da rana, lokacin da melatonin ya yi ƙasa, amma bai haifar da ita da dare ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, ɓerayen da aka cire musu MT1 ko MT2 ba su nuna shaƙuwar ba ko da rana, wanda ke nuna cewa makarɓan da kansu suna da hannu wajen samuwarta. Saboda haka bai kamata a taƙaita bayanin da cewa melatonin garkuwa ce kawai daga tasirin ƙwayar ba.

Agogon jiki ma yana da nasa rabo. A 1999 an gano cewa ƙudajen 'ya'yan itace masu naƙasa a ƙwayoyin gado na agogo ba sa ƙara zabura idan aka maimaita ba su hodar iblis, sannan a 2002 aka samu irin haka a ɓerayen da suka rasa Per1, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado na agogo, alhali masu rashin ɗan'uwansa Per2 zaburarsu ta wuce kima.

Akwai buƙatar taka tsantsan wajen ɗora wannan sakamako a kan ɗan Adam, domin ɓera da dare yake yawonsa, ga shi kuma wasu nau'o'in ɓerayen gwaji, kamar C57BL/6, kusan ba sa samar da melatonin. Abin da aka tabbatar a jikin mutane ya fi karkata ga yadda ƙwayoyin suke taɓa agogon: binciken Jami'ar Kolorado na 2015 ya nuna cewa kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, shayi da goro, idan aka sha mai ƙarfi awa uku gabanin kwanciya, yana jinkirta fitowar melatonin da kimanin minti 40.