Yadda jiki ke gane cutar da ya taɓa haɗuwa da ita

Me ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yin ta?

Domin jikinsa ya riƙe kamannin ƙwayar cutar. Garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita: fata, majina, zazzaɓi, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar, ba ruwansu da ko wane ne. Akwai kuma wadda jiki ke samu bayan ya yi arba da cuta. Ita wannan tana bambance maƙiyi da maƙiyi, kuma ba ta cika mantuwa ba. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin Turai, sai wani likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781 ba ta sake taɓa su ba. Shekara 65 ke nan, jikinsu bai manta ba.

Su wa ke wannan aikin?

Wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira B da T. Duka a ɓargo suke samo asali, amma T sai sun biya ta wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, taimos, kafin su ƙosa. B ke ƙera antibodi, sinadarin da ke liƙe wa ƙwayar cuta ya hana ta sakat, ya kuma nuna ta ga masu haɗiyewa. T kuwa akwai masu kisa, da ke hallaka ƙwayar jikin da bairos, wato wata irin ƙaramar ƙwayar cuta, ya riga ya shige ya ɓuya, akwai kuma masu ba da umarni.

Yaya jiki zai gane ƙwayar da bai taɓa gani ba?

Nan abin mamakin yake. Mutum zai zaci jiki na auna ƙwayar ne, sannan ya ƙera mata makami daidai ita. Ba haka ba ne. Tun kafin cuta ta zo, jiki ya riga ya tara miliyoyin B da T, kowace da irin nata kamu, sakamakon yanka da haɗin da suke yi wa ƙwayoyin gadonsu kara-zube. Gano wannan ne ya sa wani masanin kimiyya ɗan Japan, Susumu Tonegawa, ya sami kyautar Nobel a 1987. Yawancinsu har su mutu ba za su gamu da abin da ya dace da su ba. Amma kowace ƙwarya da abokiyar burminta: ranar da ƙwayar cuta ta shigo, 'yan ƙalilan da suka dace da ita sai su shiga hayayyafa, ɗaya ta koma dubbai.

Wannan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa karon farko mutum yake jin jiki. Kaluluwar da ke fitowa a hammata ko matsematsi sau da yawa alamar wannan taron dangi ce. Bayan an ci yaƙi yawancin rundunar na mutuwa, a bar wasu masu tuni, waɗanda ke riƙe kamannin maƙiyin. In ƙwayar ta dawo, cikin 'yan kwanaki sun gama da ita, wani lokacin ma mutum bai san an yi ba.

Riga-kafi fa?

Nuna wa jiki maƙiyi ne ba tare da an sha wuyar cutar ba: a ba shi ƙwayar da aka kashe, ko aka raunana, ko ɗan ɓangarenta. Wani likita ɗan Ingila, Edward Jenner, ya gwada irin wannan a 1796 da aganar shanu mai kama da ta mutane, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana a doron ƙasa.

To me ya sa mura ke dawowa kullum?

Ba mantuwa jiki ya yi ba. Ƙwayoyin da ke kawo mura suna da yawa, kuma ta infuluwenza, wato mura mai tsanani, tana sauya kamanni, shi ya sa ake sabunta allurarta duk shekara. Zazzaɓin cizon sauro garkuwarsa rabi da rabi ce, takan kuma dusashe in mutum ya daɗe bai gamu da shi ba. Tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, ya fi su mugunta: dafinsa kaɗan ya isa ya kwantar da mutum, har wanda ya warke ma bai tsira daga sake kamuwa ba sai an yi masa allura.

Jariri da bai haɗu da komai ba, me ke kare shi?

Aro yake yi. Antibodin uwa na ratsawa ta mabiyiya, wani kuma ta nono. Bayan 'yan watanni aron ya ƙare, domin ba a ba shi masu tuni ba.

Idan garkuwar kanta aka kai wa hari fa?

Abin da HIV ke yi ke nan: tana kashe T masu ba da umarni, waɗanda ake ƙirgawa a gwajin CD4. In suka yi ƙasa sosai, tarin fuka da cututtukan da a da ba sa iya komai sai su samu ƙofa. Ƙyanda ma takan goge wani ɓangare na tunin da yaro ya tara a kan wasu cututtuka, ya koma kamuwa da abin da a baya ya riga ya fi ƙarfinsa.