Wane bincike ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina yake zuwa?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin jami'a shi ne koyarwa da raba takardun digiri. Amma a ƙa'ida malamin jami'a rabin ƙafarsa a aji take, rabi a ɗakin gwaje-gwaje ko a gona. Bari mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, wadda aka buɗe a watan Oktoban 1962, mu ga abin da wannan rabin na biyu ya haifar.

Idan aka ce jami'a ta yi fice a bincike, me ake ƙirgawa?

Galibi maƙaloli ake ƙirgawa. Malami ya yi gwaji, ya rubuta abin da ya gano, ya tura wa mujallar masana, wasu masanan su tantance kafin a buga. Akwai rumbuna irin su Scopus da Web of Science da ke tara lissafin waɗannan maƙaloli da yawan masu kafa hujja da su, kuma da wannan lissafi ne masu jera jami'o'in duniya suke aiki. Sai dai awo ne mai ramuka. Tun da ƙarin girman malami ya rataya a kan yawan abin da ya buga, an samu mujallun bogi da za ka biya yau su buga maka gobe ba tare da kowa ya karanta ba. Sannan irin shukar da aka shafe shekara goma ana tacewa ba ya shiga wannan ƙidaya yadda ya kamata, alhali shi ne zai shiga tukunya.

To me ABU ta fitar da talaka zai iya riƙewa a hannu?

Iri. Wanda duk ya taɓa sayen buhun iri ya ga an rubuta SAMMAZ ko SAMNUT ko SAMSORG ko SAMPEA ko SAMCOT, to da Samaru ta Zariya ya yi ciniki ko bai sani ba. Wannan SAM ɗin Samaru ke nan, sauran haruffan kuma masara ce da gyaɗa da dawa da wake da auduga. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can ta girmi jami'ar kanta nesa ba kusa ba, domin tun 1922 Turawan mulkin mallaka suka fara gwaje-gwajen noma a wurin, daga baya aka haɗe ta da ABU.

Aiki ne na haƙuri. Mai tace iri zai haɗa masara mai jure fari da mai yawan yabanya, ya shuka 'ya'yansu, ya zaɓi na kirki, ya sake shukawa, damina bayan damina. Daga nan a gwada a wurare daban-daban da gonakin manoma, sai kwamitin ƙasa ya amince kafin a ba iri suna da lamba. Da haka aka samu masara mai nuna da wuri, da mai jure wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse hatsi tun daga saiwa. A Shika kuwa, cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar ce ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, wadda aka tace don ta jure yanayinmu.

Waken nan da ake ta cece-ku-ce a kansa fa?

SAMPEA 20-T ke nan, wanda aka amince da shi a 2019. Ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya yi aikin tare da masana daga Ostareliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa aka sa wa waken, ta yadda tsutsar da ke cin fure da huda kwanso in ta ci sai ta mutu. Masu binciken sun ce maimakon feshi shida zuwa takwas, biyu sun isa. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA mai jure tsutsa.

Akwai masu adawa, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Tambayar wa zai mallaki iri, da ko manomi zai koma sayen sabo duk shekara, tambaya ce mai nauyi. Amma wanda ya taɓa ganin yaro yana feshin maganin ƙwari ba takalmi ba abin rufe hanci, ya san rage feshi ba ƙaramin abu ba ne.

Da gaske akwai tukunyar nukiliya a Zariya?

Akwai, amma kada hankali ya tashi. 'Yar ƙarama ce ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 ko sama kaɗan, tana Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi, kuma ta fara aiki a 2004. Ba ta ba kowa wutar lantarki. Amfaninta shi ne a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a cikinta, a gano sinadaran da ke ciki komai ƙanƙantarsu, abin da ke taimakon masu ma'adinai da masu binciken gurɓatar muhalli. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai ƙarfi aka mayar Sin, aka sa mata marar ƙarfi wanda ba ya yin makami.

A ɓangaren cututtuka akwai abin nunawa?

Sunan da ke fara zuwa shi ne marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda aikinsa kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Shi ya jagoranci cibiyar binciken cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wadda Bankin Duniya ya tallafa.

Me ya sa ba a jin ɗuriyar injiniyoyi kamar na masu noma?

A ganina ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, rashin hanya ne. Iri yana da hanyarsa: daga mai bincike zuwa kamfanin iri, zuwa malamin gona, zuwa manomi. Ita ma cibiyar yaɗa dabarun noma ta ƙasa a Samaru take. Injiniya kuwa in ya ƙera injin casa ko na busar da tumatir, sai ya tsaya jiran masana'antar da za ta ƙera dubu irinsa. Ina take? Masaƙun Kaduna da a da za su iya ɗaukar masana sinadarai da injiniyoyi sun daɗe da rufewa. Sai injin ya ƙare a bajekoli, a ɗauki hoto, a mayar da shi sito ƙura ta rufe shi.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan?

Babban tushe a cikin gida shi ne asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka gina a kan harajin ribar kamfanoni, da ya fara daga kashi 2 cikin ɗari aka kai shi kashi 3 a 2023. Sauran kuma tallafi ne daga waje, kuma mai ba da kuɗi shi ke zaɓar matsalar da za a bincika. Malamai da ɗalibai da yawa daga aljihunsu suke sayen sinadarai da man janareta. Ga kuma yajin aiki: na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da gwajinsa ke gona, damina guda ta wuce shi ke nan, sai ya jira ruwan baɗi.